Madarar Yaya

Na sha wuya a ciwon Yaya. Ba jinyar ce ta fi damuna ba, rashin sanin abin da ke cin sa ne.

Shi ya ɗauko ni daga ƙauye ya sa ni a kamfanin fata a Challawa, ɗakin da yake aiki, inda inji ke goge fata ta yi sumul. Ƙurar ɗakin nan ba irin ta titi ba ce. Laushi gare ta kamar gari, kuma da launinta. In baƙar fata muka goge, baƙi za mu yi ta tofarwa har gida. In ja ce, ja. Har wasa muke da abin. Wani ya yi kaki, sai a ce, "Kai, wannan ai aikin jiya ne, ina na yau?"

In an tashi, a bakin get ake miƙa wa kowa ɗan gwangwanin madara. Haka muka tarar. Wai tana wanke ƙirji. Ba wanda ya taɓa tambayar ta yaya. Ka huda da ƙusa, ka ɗaga kai, ka tafi kana jin ka fita tas. Takunkumin hanci da ake ba mu kuwa a wuya muke rataye shi saboda zafi. Ai akwai madara.

Tarin Yaya ya fara kamar na kowa. Daga baya numfashi ya soma yi masa gardama, har ya zama in ya taso daga sujada sai ya dafa bango. Mai kemis ya ce sanyi ne. Matarsa ta ce shawara ce ta hau masa ƙirji. Wani a masallaci ya ja ni gefe ya ce jifa ne, tunda ana rade-radin za a ba Yaya foman. Duk mun bi. Jiƙo, turare, rubutu, allura. Aka gwada kakinsa, aka ce ba tibi ba ne. Wallahi na so a ce tibin ne, shi dai an san maganinsa.

Yaya kuwa yana da nasa bayanin. Lokacin da 'ya'yansa suke ƙanana, ba ya shan madararsa. A aljihu yake kai musu a zuba a koko.

"Shekarun nan ne ƙurar ta samu wuri ta kwanta," in ji shi. "Ni na yi wa kaina."

Shi ya sa da ya kwanta ya koma shan gwangwani biyu a rana. In na yi magana ya ce, "Ramuwa nake, kamar azumi."

Da muka kai shi babban asibiti aka yi hoton ƙirji. Likitar mace ce. Ta sa aka fita da shi auna numfashi, ta tambaye ni aikinsa. Na faɗa mata. Ta ɗaga hoton ta nuna mini wasu wurare fari-fari. Ta ce ƙura ce ta daɗe tana shiga, huhun ya yi tabo ya ƙandare, kuma tabo ba ya gogewa. Sai dai su ba shi abin da zai rage masa wahala.

Na ce, "Likita, ai yana shan madara. Biyu ma."

Ta dube ni. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata.

"Malam, hanyar abinci daban, hanyar iska daban. Madara ciki take zuwa."

Na san wannan. Rago nawa na feɗe da Sallah? Da hannuna nake ware huhu gefe, tumbi gefe. Amma ban taɓa haɗa shi da kaina ba, haka duk mutanen ɗakinmu.

Ta ce, "Kai ma a ɗakin kake?"

Na ce e.

"Ka nemi wani aikin."

Na ce to. Me zan ce? Gidana da gidan Yaya duk daga ɗakin nan suke ci yanzu.

A adaidaita sahu, muna hanyar gida, Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai, ɗan ƙauye, me ta ce maka?"

"Ta ce sai a hankali."

"Ka faɗa mata zancen madarar?"

"Na faɗa, Yaya."

"To?"

In na gaya masa, zai san kokon 'ya'yansa bai ci masa huhu ba, ya daina zargin kansa. Amma kuma zai san gwangwani biyun nan ba inda suke zuwa, kuma su kaɗai ne yake riƙe da su. Na rasa wanne zan ɗauke masa. Ana haka wata tirela ta bule mu da hayaƙi, tari ya sarƙe shi. Na riƙe masa kafaɗa har ya lafa. Bai sake tambaya ba, ni ma ban tayar ba.

Washegari na biya wajen mai shayi na sayi madara, na huda wa Yaya, na tsaya har ya shanye. Na ɗaure hancina da tsumma a kan takunkumin, na shiga aiki. Ja muka goge ranar.