Bi Mwanakombo da Tabon Alewa

Ruwan sama ya riga ya fasa rufin ɗakin ajiyar tsofaffin takardu lokacin da dattijo Mzee Shekuwe ya iso yana dogara sanda. Ya tarar da mai kula da ɗakin, Bi Mwanakombo, ta jiƙe sharkaf, ta lulluɓe wani kwali da mayafinta, ta rungume shi kamar jariri.

"'Yata, mura za ta kashe ki a kan takarda."

"Baba, matsa mini daga ƙofa. Wataƙila mahaifinka na cikin kwalin nan."

Haka take. Tun muna yara take buɗe wannan ɗaki na bayan tsohuwar tashar jiragen ruwan Mombasa kowace safiya, ta ajiye shayinta nesa da tebur, ta ɗauko ɗan madubi ta karkato hasken taga a kan shafi. Inda tawada ta gudu, sawun alƙalami take bi. Akawunan sojan ruwa da suka daɗe a ƙasa kuwa ta san hannunsu ɗaya bayan ɗaya, har laƙabi ta sa musu. Akwai Mai Sauri, akwai Mashayi, wanda layinsa ke gangarawa in rana ta yi.

Mzee Shekuwe bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Mahaifin nasa, Famau, ya bar garinsu Lamu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matarsa na da ciki, ya ce zai shiga sojan ruwa. Shiru. Gari ya yanke hukunci: wata mace ya bi zuwa tsibirin Unguja. Da wannan gori yaron ya tashi, da shi ya tsufa.

"So nake in sani kafin a kai ni," ya ce mata ranar farko da ya zo wurinta. "Ina yi masa addu'a, amma bakina kawai ke yi."

Ta nemi sunan Famau har ta gaji, babu. Wani sai ya ba tsoho haƙuri ya sallame shi. Ita sai ta aika a kira shi.

"Bar batun suna, Baba. Suna ana aro, tabo ba a aro. Me mahaifiyarka ta ce game da jikinsa?"

"Ke ma dai. Tsirara zan kwatanta miki shi?"

"Iya abin da kunya ta bari."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Sai ya tuna: Famau ya yi aikin tuƙa alewa, tafasasshiyar alewa ta taɓa zubo masa a damtsen hagu.

Kwalin da ta tsamo daga ruwa na Mashayi ne, rubutu kamar kaza ta taka tawada. Sai da ta shanya shafukan ɗaya-ɗaya, sannan ta bi layin da akawu ke rubuta alamun jikin kowane sabon soja. Ranar da ta kira Mzee Shekuwe, ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Wane ne Bwanaheri Lali?"

"Wan mahaifina. Wannan ai ko kwalekwale bai so, a kan gadonsa ya mutu."

"To ga shi nan a jirgin share nakiyoyi, da tabon ƙuna a damtsen hagu. Zazzaɓi ya kashe shi a bakin aiki, aka yi masa salla a teku."

Famau ba shi da takardar shaida, sai ya ari ta wansa. Da sanarwar rasuwa ta isa Lamu, Bwanaheri ne ya karɓi labarin mutuwar kansa. Tsoron kurkuku ya sa ya haɗiye maganar, ya bar ƙaninsa a bakin duniya.

Waɗanda ke wurin sun ce tsohon ya daɗe da tafin hannunsa a kan shafin. Sannan ya ce, "Ashe bai gudu ba." Ya nemi ruwan alwala.

Bi Mwanakombo, ke ce mai mayar wa matattu mutuncinsu. Idonki ya tafi a kan rubutun mutanen da ba ki haɗa komai da su ba, ba a taɓa sa sunanki a allo ba. Yau da kike ajiye aiki, mun gode. Masu tasowa, ku je ta nuna muku yadda ake riƙe madubin nan tun tana iya nunawa, don kwalayen ba su ƙare ba.

Ana cikin shan gahawar bankwana, Mzee Shekuwe na tsokanarta wai yanzu sai ta nemi miji mai kyan rubutu, wata mata ta yi sallama a ƙofa. Daga garin Tanga take, ƙafarta duk ƙura, da tsohon hoto a hannu.

"An ce a nan aka gano wani Bwanaheri Lali na jirgin share nakiyoyi." Ta miƙa hoton. "Kakana ne. Ya auri kakata a Tanga lokacin yaƙi, ya koma jirgi bai dawo ba."

Mzee Shekuwe ya ajiye kofinsa. Bi Mwanakombo ta dubi hoton, ta dubi tsohon, kamar an tsaga kara, ta jawo wa baƙuwar kujera.