Shekarar da Malam Abakar Ya Sayi Siminti

Duk wanda ya san Malam Abakar mai injin niƙa a Gwaram ya san jakarsa. Tsohuwar jakar fata ce rataye a bakin ƙofar ɗaki, kullum a ɗaure, ciki da riga ɗaya da buta da tocila. Yayata Hadiza ya aura, saboda haka ina da lasisin tsokanarsa, kuma ban bar lasisin nan ya yi ƙura ba.

Daga Cadi ya zo a shekarun fari, da sifanar gyaran inji a aljihu, ba takardar izinin zama a hannunsa. Mu ba abin da ya dame mu, amma shi abin ya hana shi sakat. Gani yake ko yaushe za a iya cewa ya tattara ya koma, don haka duk abin da ba zai shiga mota ba, ba ya sa kuɗinsa a ciki. Ya yi shekara goma da mu, ya haifi 'ya'ya uku, yana zaune a gidan haya mai dangar kara.

Wata damina na kawo masa dashen mangwaro daga Birnin Kudu. Ya juya shi yana kallo.

"Talatu, shekara nawa kafin ya yi 'ya'ya?"

"Biyar, Malam."

"Biyar? In shuka, a kore ni, ki sha? Kawo mini irin alayyafo."

Alayyafon kuwa ya shuka. Yaya Hadiza ta yi miyarsa har yaran suka fara gudun tuwo.

Injinsa shi kaɗai ne a garin. Kowa ya san ana kafe injin niƙa da siminti, amma Malam ya ƙi, wai ranar tafiya wa zai tsaya fasa daɓe. A kan katako ya ɗora shi. In ya tayar, sai injin ya dinga rawa yana matsawa kaɗan-kaɗan. Wata ranar kasuwa ya matsa har bakin rumfa, ya juya baki, ya zazzage garin dawar Inna Ladi mai tuwon sayarwa a kan tunkiyar wani mutumin Zandam. Inna Ladi ta ɗora hannu a ka.

"Abakar, injin naka ina za shi?"

"Inna, ki yi haƙuri. Shi ma ba shi da takarda."

Mutanen Zandam sun roƙe shi ya kai musu inji na biyu, ya ƙi. Samari sun zo neman aiki, ya ce ba zai ɗauki mutum yau ya bar shi a rana gobe ba. Kuɗi yana shigowa, yana kwana a gwangwani.

Sai ga shekarar da rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Abin da muke yi wa dariya ya tabbata. Ban taɓa ganin Yaya Hadiza cikin tashin hankali irin na ranar ba, ni ma sai da na yi kuka. Malam ya saɓa jaka ya nufi tasha, wai in ya sami wurin zama zai aiko a kai masa iyali.

Bai yi lissafi da tsofaffin Gwaram ba. Inna Ladi ta ce ta ajiye taɓarya shekara goma, ba mai mayar da ita daka da wannan ƙugun nata. Ta aika aka ja kunnen direba: motar da ta ɗauki Abakar, kada mai ita ya sake zama a rumfar tuwonta. Direba ya buɗe gaban mota ya ce ta lalace. Sannan ta tara tsofaffi da turamensu, suka jera a ƙofar gidan mai gari suka kama daka. Kafin azahar mai gari ya fito yana dafe da kai.

"Inna, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, gwaji muke yi. In Abakar ya tafi, nan za mu riƙa yi kullum, inuwarka ta fi."

Washegari mai gari ya rubuta wasiƙa, ya haɗa Malam da dattawa biyu zuwa Kano. Sun yi sahu uku, an ɗauki hoto, an ji shaidu, an duba sana'a da aure. A na ukun suka dawo da takardar izinin zama.

Daga tasha bai shiga gida ba, wurin mai siminti ya wuce. Aka kafe inji, gari ya taru yana kallo, Inna Ladi ta rangaɗa guɗa. Gwangwani ya fito. Kafin shekara biyu ya kai inji Zandam, ya kai wani Wurno, ya sayi na casar shinkafa, ya ɗauki ma'aikata shida. Manoman da ke kai shinkafa Birnin Kudu suka huta da kuɗin mota, masu waina da masu shayi suka kafa rumfuna a gefensa. Ya gina gida, ya dasa mangwaro arba'in, ya ce in na taɓa ko ɗaya zai kai ni ƙara.

Mutumin da a da in ya hango kaki sai ya shige bayan rumfa, ranar nan aka gan shi yana bin mai karɓar haraji da gudu a tsakiyar kasuwa. Bawan Allah ya ɗauka duka ne, ya ƙara mai.

"Tsaya, Malam! Ka tsallake ni! Ka rubuta sunana da kyau, Abakar, mazaunin Gwaram."

Bayan shekaru, da ciwon ajali ya kwantar da shi, ƙaninsa ya zo daga Cadi, ya zauna a bakin gado yana lallashi.

"Yaya, ka tashi mu tafi gida."

Malam ya dube shi, ya dubi Yaya Hadiza da jikokin da suka cika ƙofa.

"Ka koma ka gaya musu na riga na iso."

Kwana huɗu bayan nan muka rasa shi. A maƙabartar Gwaram yake, cikin mutanen da suka hana shi tafiya. Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata makwancinka, ya karɓi baƙuncinka, ya ba ka mazauni inda ba a korar kowa.