Tatsuniyar Mai Neman Ƙarin Kanwa

A gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, kakarmu Inna Yalwa ce likitar ciki. In ƙwarnafi ne, jiƙon jar kanwa. In kumburi ne, citta da kanumfari a ruwan zafi. Kofi ɗaya take bayarwa, sai ta zaunar da mu bakin murhu ta ɗauko tatsuniya.

Ranar da ba na mantawa, yayata Hadiza ce ta ci ɗanwake ta kwanta tana murƙususu. Bayan magariba Inna ta ba ta kanwa, ta ɗora kanta a cinya, ta ce ga ta nan, mu matso.

Wai wani mai haɗama ne ya cinye tuwon wata tsohuwa a daji bai tambaya ba. Cikinsa ya murɗa, ya sha kanwa, ya lafa. Can sai ya ji murya daga cikin nasa. Inna ta shaƙe muryarta: "Ƙara min kanwa." Ya ƙara. Kullum ya sha, abin ya ƙara girma, har ana ganin yatsunsa suna tura fata daga ciki. Na riƙe nawa cikin.

Duk wannan lokacin hannun Inna na kan cikin Hadiza. Ta danna gefen dama ta saki, Hadiza ta ƙwalla ƙara. Na ga fuskar Inna ta sauya, tsorona ya bar mutumin daji ya dawo tsakar gida. Mahaifiyarmu ta miƙe za ta jiƙo wani kofin, Inna ta tsayar da ita.

"Ajiye, Rabi. Wannan ba na kanwa ba ne. Kira Malam Bulus ya fito da mota."

Maƙwabcinmu ne, malamin makaranta a Tarauni. Ko takalmi bai tsaya sawa ba. A asibiti aka yi wa Hadiza aiki. Likita ya ce saura kaɗan hanjin ya fashe.

Sai da na girma na kama sana'ar hatsi na tambayi Inna ƙarshen labarin. Ta yi dariya, ta ce ba shi da ƙarshe. In kanwa ta yi aiki, yaro kan yi barci a tsakiya. In bai yi ba, ba zancen tatsuniya ake ba.

Na yi hulɗa da masu magani iri-iri a kasuwa, kowa nasa na warkar da komai. Inna kaɗai na sani da ta san inda nata ya tsaya. Hadiza yanzu jikokinta huɗu.