Ɗakin da Mazge Ya Hana Hayaƙi

Mazge Tsona bai taɓa cewa ya gina ɗaki ba, saƙawa yake yi. A nan Dorze, kan tsaunin Gamo, namiji ko dai ya saƙa tufa ko ya saƙa ɗaki. Shi kuwa tun yana ɗan shekara goma sha biyar ubansa ya lura yatsunsa sun yi wa zare kauri, kullum sai ya tsinka, don haka ya tashe shi daga bakin masaƙa ya miƙa shi ga kawunsa mai aikin gora. A can ya koyi tsaga gora gida huɗu da wuƙa ɗaya, ya koyi kafa da'ira a ƙasa, a yi ta saƙa ana hawa kamar mai saƙa kwando a kife, har a rufe ƙoƙon sama, sannan a lulluɓe da ɓawon gora yadda ruwa zai zame ya wuce. Ɗakuna sittin da 'yan kai ya saƙa a ƙasar nan. Yana da baƙin baki, wannan kowa ya shaida. Idan ya ga ɗakin kwano sai ya tsaya ya kira mai shi da suna, ya tambaye shi yadda ya kwana a cikin gwangwaninsa.

Nasa ɗakin ya saƙa shi ne shekarar da ya auri Ufayse, kamu ashirin da huɗu daga ƙasa zuwa ƙoƙo, don kawai a riƙa hango shi daga kasuwar Bodo. Gara ba ta raga wa kowa, daga gindi take farawa. Idan ta ci ta ƙoshi, mai ɗaki ya kira gayya, maza arba'in su zura sanduna ta ƙasan saƙar, su ɗaga ɗakin ɗungurungum su kai shi sabuwar ƙasa, a yanke ruɓaɓɓen gindin a sake kafa shi. Ɗaki ya rage tsawo, amma yana nan da ransa. Sau huɗu aka ɗaga na Mazge, ya dawo kamu goma sha shida. Ufayse takan ce ita da ɗakin tare suke gajarta.

Tari ya kama ta shekara biyu da suka wuce, irin wanda ke sa mutum ya riƙe ƙirji ya kasa ƙarasa magana. Aka kwantar da ita kwana tara a asibitin Cenca, ƙarƙashin rufin kwano, inda raɓa ke taruwa da asuba tana ɗiga a kan bargo. Sanyin wurin ya kusa ƙarasa abin da tarin ya fara. Ranar sallama malamar asibitin ta ja Mazge gefe ta ce, “Baba, hayaƙi ne ya cinye mata huhu. In ta koma ta zauna cikinsa, kada ka sha wahalar dawo da ita nan.”

A ranar ya kwashe duwatsun murhu daga tsakiyar ɗakin ya kafa su a waje, ƙarƙashin wata 'yar rumfa. Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba ya koyi gasa koco, gurasar da ake yi da enset, wata shuka mai kama da ayaba, ya koyi tafasa ganyen kofi da tafarnuwa. Ya matso da saniyarsu kusa da gadon matar don ɗuminta, ya riƙa gasa duwatsu a waje yana naɗewa a tsumma yana sa mata a ƙafa. Maƙwabcinsa Halabo, wanda suka yi kiwo tare tun suna yara, ya leƙo ta kan shinge ya same shi yana hura wuta ido na hawaye.

“Amarya, yau me aka dafa mana?”

“Abin da ba ka da haƙoran ci. Koma cikin gwangwaninka.”

“Ɗaki babu wuta ai kabari ne, Mazge.”

“Kabarin ne nake gudu, tsohon banza.”

Tarin ya yi sauƙi, amma ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Duniyarta ta koma gadon nan da ke bayan labulen gora, da numfashin saniya, da hasken da ke shigowa ta ƙofa.

Bana, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, Mazge ya fito da safe ya ga ɗakin ya ɗan karkata wajen gabas. Ya durƙusa ya soka wuƙa a gindin saƙar, ta shige har ƙota ba tare da ya danna ba. Ya zagaya yana sokawa, ko'ina haka. Da wata shekara ce da bai damu ba, sai ya sare gora ya saƙa sabo, ƙarfinsa bai ƙare ba tukuna. To amma bara gorar ta yi fure. Ita kuwa in ta yi fure mutuwa take yi gaba ɗaya, tasa da ta maƙwabta, har ta bakin rafi. 'Yan tsiron da suka fito ba su kai gwiwa ba, sai sun yi shekaru kafin a taɓa su. Abin da ya rage masa ɗaya ne, a ɗaga ɗakin kafin ruwa ya jiƙa shi ya yi nauyi ya zauna a kan matarsa. Yana bukatar maza arba'in.

Ina mazan? Wannan ce tambayar da ta hana shi cin abinci. Masu ƙarfin suna Adis Ababa suna saƙar tufa, wasu suna Arba Minc suna acaɓa, ba sa hawo tsauni sai lokacin bikin Maskal, bayan damina ta gama ɓarnarta. Ya kira ɗansa Tamirat a waya.

“Baba, ka haƙura zuwa Maskal mana. Duk za mu zo, mu ɗaga shi da rawa.”

“Gara ba ta san Maskal ba.”

“To ku koma ɗakin kwano. Tun yaushe nake cewa in sa a yi muku?”

“Ka ga uwarka a Cenca? Ka ga yadda ta fito?”

Ɗan ya ce maigidansa ba zai sake shi ba yanzu, akwai aikin biki a gabansu. Mazge bai zage shi ba, kuma wannan ya fi ba Tamirat tsoro fiye da zagin.

Daga nan ya shiga bin gidaje. Mutumin da ya yi shekara hamsin ana zuwa ƙofarsa da roƙo, yau shi ne yake tsayawa a ƙofar mutane da hula a hannu. Abin takaicin, yawancin ƙofofin na kwano ne, na mutanen da ya sha yi wa ba'a. Wani ya ce bayansa na ciwo. Wani ya ce, “Baba Mazge, yau kai ne a bakin gwangwani?” Ya haɗiye, ya ce shi ne. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ya tsaya a bakin ƙofa ya yi magana, ya lissafa wa kowa ɗakin ubansa da ya saƙa, da wanda ya taya ɗagawa. Ba gori yake yi ba, tsoro ne ya sa shi, amma a kunnen wasu gorin ya fita. Da yamma ya zauna a bakin gado yana ƙirga sunaye da yatsu, ya ƙirga ya sake, ba su wuce goma sha shida ba, kuma rabinsu da sanda suke tafiya.

Ufayse ta ce, “Baban Tamirat, ka ƙirga mata?”

“Mata ba sa ɗaga ɗaki.”

“Su wa suke ɗauko itace daga gindin tsauni? Ku?”

Washegari ya sake bin gidajen, wannan karon matan yake sallama wa. Ya sami bakwai. Ashirin da uku ke nan, har da shi da Halabo.

Ranar Alhamis aka sa, da hantsi. Gajimare ya riga ya taso daga wajen tafki ya tsaya a kan tsauni. Aka fito da saniya, aka kwashe tukwane da buhunan sha'ir, aka ɗauko Ufayse a kan gadonta aka ajiye ta cikin gonar enset, inda faffaɗan ganye zai kare ta daga iska, aka rufa mata barguna uku. Mazge ya bi gindin ɗakin da gatari yana raba shi da ƙasa, ya zura sanduna da kansa, ya tsayar da kowa inda ya dace, mai ƙarfi kusa da mara ƙarfi. Taku goma sha biyu kawai za a yi zuwa inda ya share ya zuba toka. A nan kam babu wanda ya fi shi sani, har waɗanda suka zo da ƙunƙuni suka yi shiru suna bin umarninsa.

Halabo ya ɗaga waƙar gayya da tsohuwar muryarsa, aka amsa, aka sunkuya. Ɗakin ya tashi. Ya tashi da sauƙin da ya ba kowa mamaki, wata mata har ta yi dariya ta ce ashe abin da maza ke cika baki a kai ke nan. Mazge bai yi dariya ba. Ya san nauyin ɗakin nan a kafaɗarsa, sau huɗu ya ɗauke shi, kuma bai kamata ya yi wannan rashin nauyin ba. A taku na uku wani gari mai laushi ya fara zubo musu a ka, fari kamar na niƙa. Ya ɗaga ido sama ta cikin saƙar, ya ga daga can garin yake zubowa.

Duk rayuwarsa gindi yake dubawa. Haka kawunsa ya koya masa, haka kowa yake yi, don saman ɗaki ba ya lalacewa. Bai taɓa tsayawa ya tambayi dalili ba, alhali dalilin a gabansa yake kullum: hayaƙin murhu ne ke hawa ya shafe gorar da kunkunniya, ƙwaro ya kasa huda ta. Shekara biyu babu wuta a ɗakin. Ƙwarin sun shiga sabon ɓawon da ya yi faci da shi, suka bi ta tsagar gora suka cinye cikinta, suka bar masa baƙar fata a waje.

“A sauke,” in ji shi. “A hankali, a sauke.”

Ba su ji shi ba saboda waƙar. A taku na biyar ɗakin ya yi ƙara daga tsakiya, saman ya karye ya kwanta gefe guda, ya zube cikin shinge. Mutane suka saki sanduna suka watse suna tari. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo sai Halabo da gora ta yanka a goshi. Da garin ya lafa, abin da ke tsaye da'ira ce buɗaɗɗiya, bakinta a yayyage, sama tana kallonta.

Babu wanda ya yi masa ba'a. Da sun yi da ya fi masa sauƙi. Halabo ya zo yana danne goshi da gefen mayafi ya ce, “Ku taho wajena. Ɗakin yarana babu kowa.”

“Kwano ne.”

“Na sani, Mazge. Amma rufi ne.”

“Kwana tara ta yi a ƙarƙashin irinsa, da likita a kanta. Damina wata huɗu ce.”

Mazge ya bi da'irar da wuƙarsa, wannan karon daga sama yana sauka, yana sokawa yana karya abin da ya ruɓe. Inda tsohuwar saƙar ta fi kauri, kusa da inda murhu yake a da, wuƙar ta ƙi shiga. Ya auna da hannu, ya cire abin da gara ta ci a ƙasa, ya cire abin da zai lanƙwasa ya rufe sama da shi. Ya sake aunawa ko lissafin zai canja. Iska ta fara kaɗa ganyen enset, ɗigon farko ya faɗo masa a wuya.

Ya je ya durƙusa a bakin gadon. Bai iya duban fuskarta ba, kunya da baƙin ciki sun cika masa ƙirji.

“Ni na kashe shi,” ya ce. “Shekara hamsin ina wannan aiki, ban duba sama ba.”

“Kamu nawa ya rage?”

“Ufayse, ba ɗaki ba ne kuma. Ko akuya...”

“Na ce kamu nawa.”

“In na rufe shi, uku. Bai kai kafaɗata ba.”

Ta yi tari, ta jira numfashinta ya dawo. “Saniya za ta shiga?”

“In ta sunkuyar da kai.”

“To ya isa. Ni dama a kwance nake.”

Sannan ya tashi ya nufi shingen gidansa, ya fara zare gorar da ke da sauran ƙwari ɗaya bayan ɗaya, don ya rufe saman ɗakin. Halabo ya dube shi, ya juya ya tafi nasa shingen ya kama zarewa. Matan nan bakwai suka tsaya kewaye da gadon, kowacce ta riƙe ganyen enset a kan Ufayse, ruwan yana ƙaruwa.