Wutsiyar da na binne a bakin ƙofa

Akwai abin da zan so a ce hannuna bai aikata ba. Na yanke wa 'yan kwikwiyo huɗu wutsiya da reza a kicin ɗin gidanmu na Longsight, a Manchester, tun idanunsu ba su buɗe ba. Ɗaya ya mutu. Kuma ba don karnukan na yi ba. Don 'yata na yi, ita da ba ta roƙe ni ba.

A ƙauyenmu, can gindin duwatsu a kudancin Bauchi, mahaifina maharbi ne. Idan karya ta haihu, yakan bari 'ya'yan su ɗan sha nono, sannan ya zauna a kan turmi da askarsa. Zai guntule wutsiya, ya cire ɗan farcen nan da ke sama a gefen ƙafa, wanda ba ya taɓa ƙasa, ya shafa toka. Yakan ce wutsiya ƙaya take kamawa a daji, farcen kuma dutse ne ke fizge shi. Bayan ya gama sai ya ɗaga dutsen da ke bakin ƙofar gida ya binne wutsiyoyin a ƙarƙashi. A wurinsa, karen da aka yi wa haka, ko ya ɓata kwana nawa a farauta, sai ya dawo gida. Mu masu bin Almasihu ne tun kakana, amma ban taɓa jin fasto ya hana ba. Ba a ɗauke shi tsafi ba, kiwon kare ne kawai. Ni dai kallo nake yi. Ban taɓa riƙe askar ba.

Karyar da ta zo gidanmu a Ingila mai ɗakina ce ta kawo ta. Aikinta shi ne bin gidajen tsofaffi tana yi musu wanka da abinci. Akwai wata tsohuwa Baturiya da take zuwa wa, mai 'yar karya ja mai dogayen kunnuwa. Da aka ɗauke tsohuwar zuwa gidan kula da tsofaffi, ba wanda ya so karyar. Sai ga mai ɗakina ta sauko daga bas da ita a cikin jakar cefane.

Na ce, “Kare a cikin ɗaki? Mu da muka taso kare yana kwana a waje?”

Ta ce, “Kai ma ai a ɗaki kake kwana, wa ya kai ƙara?”

Shi ke nan, karya ta zauna. Kullum da yamma, tun kafin mu ji takun mai ɗakina, sai mu ji wutsiyar karyar tana bugun ƙofa, fat, fat, fat. Da haka muke sanin ta sauko daga bas a Stockport Road.

Rashin lafiyar mai ɗakina bai daɗe ba. Muka binne ta a cikin ruwan sama, matan zumuntar coci suna waƙa da Hausa a ƙarƙashin laima. A shekarun nan ne gwamnati take ta rage kashe kuɗi. Zauren da kansul, wato ƙaramar hukuma, take tara tsofaffi da rana, inda nake shara da kulle ƙofofi, aka fara rage kwanakin buɗe shi, har ya koma sai da safe nake fita. Sauran yinin ina gida, ni da karya, muna kallon juna. Takan je bakin ƙofa da yamma ta kwanta, amma wutsiyar ba ta ƙara bugu ba.

'Yarmu ɗaya ce. Sunan mahaifiyata muka sa mata, saboda haka Mamana nake ce mata. Tana gab da gama karatun aikin jinya. Wata rana muna cin tuwon semo da miyar kuka sai ta ce, “Baba, sun ɗauke ni a babban asibitin nan na Edgbaston, a Birmingham.”

Na ce, “Madalla, Mamana. Ubangiji ya sa albarka.”

Ranar Lahadi har tashi na yi a coci na ba da shaida, aka yi tafi. Amma tuwon ranar da ta faɗa mini, ban iya ƙarasa shi ba. Ban san yadda uba zai buɗe baki ya ce wa 'yarsa yana jin tsoron zama shi kaɗai ba. Mahaifina bai taɓa faɗin irin wannan magana ba, ni ma ban koya ba.

Ana cikin haka sai muka ga cikin karyar ya fito. Laifina ne, ni nake sakinta a filin shaƙatawa in zauna a benci ina tunani. Ta haihu a ƙarƙashin matakalar bene, a kan wani tsohon zanen mai ɗakina. Mamana ta durƙusa tana dubansu da fitilar waya, tana dariya irin wadda ban ji ba tun rasuwar. Ta nuna wata mai farin tabo a ƙirji.

“Wannan tawa ce, Baba, da ita zan tafi idan ta yi ƙwari. Uwar ta zauna da kai, ku riƙa hira.”

A nan tunanin ya shigo mini. Idan wutsiyar mai farin tabo tana bakin ƙofata, to za ta riƙa jan hanya zuwa gida, kuma ba ita kaɗai za ta hau jirgin ƙasa ba, dole Mamana ta kawo ta. Na san yadda wannan magana take a kunne. Ni ma da wani ne ya faɗa mini, da na yi masa dariya. Amma lokacin ban yi dariya ba.

Da safe, bayan Mamana ta fita asibitin da take koyon aiki, na fitar da uwar bayan gida na rufe ƙofa. Na tafasa reza. Gidan da ake girki da gas babu toka, sai na ƙona jarida a cikin tukunya. Na yanke shawarar yi wa dukansu, don kada a tambaye ni me ya sa ɗaya kawai. Na tuna har da farcen, na ce in an yi, a yi shi yadda ake yi a gida.

Ba zan bayyana yadda na yi ba. Kukan nasu ƙarami ne, kamar na tsuntsu. Na uwar shi ne babba. Tana ta yagar ƙofa da farce, har yau idan na ji ana kankare tukunya sai gabana ya faɗi. Da na gama na ɗauki cokali na fita ƙofar gaba, na ɗaga wani dakalin siminti da ya saki, na tona, na sa wutsiyar mai farin tabo, na mayar. Wata maƙwabciya ta wuce da keken jariri ta gaishe ni, na amsa.

Ƙaramin cikinsu, namiji, jininsa bai tsaya ba. Daga ƙafar da na cire farcen yake zuba. Na ɗaure da tsumma, na ƙara toka, na yi addu'a. Kafin la'asar jikinsa ya yi sanyi. Uwar tana ta tura shi da hanci zuwa nono.

Mamana ta dawo da ledar burodi a hannu. Ta leƙa ƙarƙashin matakala, ta daɗe ba ta ɗago ba.

“Baba, me ya same su?”

“Gyara su na yi, Mamana. Haka ake yi a gida.”

“Wane gida?”

Ta ɗaga tsumman, ta ga tokar jarida a kan raunin. Daga nan Hausarta ta ƙare, ta koma Turanci, irin na 'yan Manchester mai sauri, tana kuka tana magana. Abin da na riƙe a ciki shi ne, “A kan zanen Mama ka mayar da su?”

Muka shiga tasi har da uwar, 'yan kwikwiyon a kwali a cinyar Mamana, zuwa wurin likitan dabbobi. Likitar mace ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta wanke raunukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaya wa ya yi wannan. Ta ce doka ta hana a ƙasar nan, kuma tana iya kai maganar gaba. Na dubi Mamana. Yarinyar da za ta fara aikin jinya, ga shi an tsayar da ita a kan rauni da reza da toka daga gidansu. Na buɗe baki, Mamana ta riga ni.

“Mahaifina ne. Bai san dokar ba.”

Gaskiya ta faɗa, ban san dokar ba. Amma na san kukan da na ji, kuma ban tsaya ba. Likitar ta dube ni, ta dubi takalmin aikina, ta ce a dawo da su a sake dubawa, kuma 'yata ce za ta kawo su. Ba ta kai maganar ko'ina ba. Uwar tana ƙarƙashin kujera, ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ta ƙi kallona.

Sauran ukun sun rayu. Mamana ta samo wa biyu gida a wurin abokan karatunta. Muna gaisawa da safe, muna cin abinci a tebur ɗaya, amma hira ta mutu. Ranar tafiya, da motar wani ɗan cocinmu ta zo ɗaukar kaya, sai na ga ta sa wa uwar igiya ita ma.

Na ce, “Ba kin ce za ta zauna da ni ba?”

Ta ce, “Ba zan iya barin ta a hannunka ba, Baba. Ka yi haƙuri.”

Ta taka dakalin nan da ƙafarta ta wuce, karnuka biyu suna biye da ita.

Ba a daɗe ba kansul ta ce ina da ɗakin da ba kowa a ciki, za a rage taimakon haya, ni kuma shekaruna ba su kai na fansho ba. Zauren tsofaffin ma an rufe shi gaba ɗaya. Aka samo mini ɗan filat mai ɗaki ɗaya a Old Trafford, a saman bene, inda ba a yarda da kare ba. Ranar da na kwashe kaya na tsaya a kan dakalin. Na yi tunanin in tono abin in tafi da shi, sai na tuna inda za ni babu ƙasa a bakin ƙofa, sai kafet da lif. Na bar shi nan. Yanzu wasu mutane ne a gidan, sun yi wa ƙofar shuɗin fenti.

Mamana tana kira ranar Lahadi bayan sujada. Lafiya lau, aiki da godiya, ka sha maganinka? A bayan muryarta nakan ji haushin karnuka, in matsa wayar a kunne. Kirsimeti ya zo, ta ce tana aiki. Na yarda, don asibiti ba ya hutu. Amma na san hanyar Birmingham ba ta kai nisan da muka mayar da ita ba.

Wajen Ista na hau doguwar bas na je ba tare da an gayyace ni ba. Na kira ta daga tasha. Ta ce in tsaya inda nake, tana zuwa. Ta rame kaɗan, ta yi kama da uwarta fiye da da.

Tana buɗe ƙofar ɗakinta uwar karnukan ta taho da gudu. Ta tsufa, bakinta ya yi fari, amma wutsiyar tana bugun bango, fat, fat, fat. Na zauna a ƙasa da rigar cocina na rungume ta. Mai farin tabo kuwa ta tsaya daga nesa. Ta girma, ta yi kyau. Na dube ta, ban san ko murna take yi ko tsoro ba, domin abin da zan duba in gane na yanke shi. Sai can, da Mamana ta kira ta, na ga duk bayanta yana girgiza, ɗan guntun yana ƙoƙari.

Mamana ta dafa shinkafa. Muna ci na ajiye cokali na faɗa mata komai, dutsen mahaifina, da dakalin Longsight, da cokalin da na yi tono da shi. Na zaci za ta yi faɗa ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba.

“Baba, ai da ka faɗa mini kawai.”

“Da na faɗa, da kin zauna?”

“A'a, da na tafi. Amma da na bar maka ita. Kuma da duk hutuna kana ganina.”

Ta tashi ta ƙara mini miya. Da za ta raka ni tasha ta miƙa mini igiyar uwar ta ce in riƙe. Muka bi gefen ruwa, ɗaliban jami'a suna wuce mu a kan kekuna, karyar tana jan ni kamar yadda take yi a Longsight.

Tun daga nan Mamana takan zo. Ba kullum ba, tana da gidanta yanzu da nata hidimomin. Idan ta zo da mai farin tabo, a filin shaƙatawa muke haɗuwa, tun da ba a shiga da kare inda nake. Uwar kuwa a Birmingham ta mutu, ina Manchester. Ita ce abu na ƙarshe mai rai da mai ɗakina ta shigo da shi gidanmu, kuma da na bar reza a inda take, da a gabana za ta tsufa, tana kwance a ƙafata da yamma. Wannan shi ne abin da nake kewa, fiye da gidan.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan karyarka ta haihu, ka bar 'ya'yan yadda suka zo, da wutsiyarsu da farcensu. In akwai abin da ya dame ka game da su, ka kai wa likita. Idan kuma ɗanka ne zai tafi, kana jin tsoron gidan da zai bar maka, ka zaunar da shi ka faɗa masa da bakinka tun kayansa suna ɗaki.