Jirgin Yaƙin da Kawu Ya Tsufar

Kawuna mai fentin mota ne. A gareji ya ƙare ƙuruciyarsa, cikin ƙarar injin feshi da warin fenti. Ko akwalar da kaji suka fara ƙwai a ciki ka kai masa, sai ya fito maka da ita kamar amarya. Mutum ne mai barkwanci, sai dai in jirgi ya gifta a sama yakan ajiye abin da ke hannunsa ya shige ƙarƙashin rumfa, wai ƙishirwa yake ji. Abokan aikinsa sun yi tsiyar har sun gaji.

Da tari ya kama shi, likita ya raba shi da feshi, sai ya dawo gida ya share ɗan ɗakin ajiya, ya kafa tebur a bakin taga, ya fara fafe wani katako mai laushi.

"Malam, tsufan ne ya mai da mu wasan yara?" in ji matarsa.

"Ke dai in kin gama da gwangwanin madara, miƙo mini."

Sannu a hankali katakon ya zama jirgin yaƙi, tsawon kamu guda. Ya lulluɓe shi da gwangwani, ya yanko farfela daga murfin tsohuwar tukunya, gilashin matuƙi kuwa daga gorar ruwa. Kan ƙusoshin jikinsa da tsinin allura ya fitar da su, ɗigo bayan ɗigo. Babu hoto a gabansa. In ya rasa wani abu, sai ya rufe ido, can ya ci gaba.

Ranar da ya gama shafa masa kore mai duhu na je gaishe shi. Jirgi sai ƙyalli yake yi.

Na ce, "Kai, Kawu! Wannan ai sai a kai shi baje koli."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba shi ba ne. Wannan bai taɓa kashe kowa ba."

Daga nan ya shiga ɓata aikinsa da hannunsa. Ya kankare gefen fukafukai da reza har farin ƙarfe ya leƙo. Ya jiƙa ƙusoshi a ruwa, ya ɗiga tsatsar a gindin tayoyi. Ya kunna kyandir ya turara bayan bututun hayaƙi da bakin bindigogi. Baƙin mai kuwa da gashin kaza ya ja shi a ƙarƙashin jirgin, siriri, yadda iska ke jan sa baya. Jirgin yana tsufa, Kawu yana ramewa. Barkwanci ya ƙare, abinci ma sai an yi da gaske.

Matarsa ta tsorata, ta aika a kira mahaifiyata, wadda ita ce yayarsa. Ni na rako ta. Mama ta shiga da faɗanta.

"Auta, me nake ji? An ce ka bar cin abinci saboda abin wasa?"

Sai idonta ya sauka a kan tebur. Maganar ta tsaya. Ta lalubi bango, ta zauna a ƙasa.

Can ta ce, "Ka manta facin."

"Wane faci, Yaya?"

"A ƙasan fiffiken hagu. Launinsa daban ne, ya fi sauran haske. Ni a rigingine na faɗi, na gan shi."

A ranar na san cewa Kawu ba a auta aka haife shi ba. Lokacin yaƙi suna yara, suna gudun hijira da mahaifiyarsu, tana goye da ƙanwarsu. Su biyun suka riga ta haye wata gada. Sai jirgin yaƙi ya taso ƙasa-ƙasa ta kan kogi, har Kawu ya ga kan matuƙin ya juyo. Da ƙura ta lafa, babu rabin gadar, babu mahaifiyarsu da goyonta. Dangin da suka riƙe su suka fara ce masa Auta, su kuma ba su sake tayar da zancen ba, ko a tsakaninsu.

Kawu ya yanko ɗan gwangwani, ya haɗa fenti a murfin kwalba. Mama tana daga zaune tana cewa, "Ƙara fari. Matsar da shi baya kaɗan." Da ya manna, ya ɗaga jirgin sama da kanta. Ta duba, ta kau da kai.

"Shi ne. Sauke shi."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa har aka kawo abinci, kuma ya ci. Bai ƙara taɓa jirgin ba. Damina na kamawa tarin ya yi ajalinsa.

Bayan rasuwarsa, matarsa ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da jirgin ba. Mama ta hana a ƙona, ta hana a ba yara. Haka ya dawo hannuna, yana cikin kwali a kan kabad. Sau ɗaya na buɗe, yatsuna suka yi baƙi da hayaƙi, na mayar. Har yau in Mama ta zo gidana, tun daga bakin ƙofa take tambaya a wane ɗaki jirgin yake, sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a ɗayan.