'Yar-Kafe Ba Ta Ƙaura

Duk hutun makaranta Baba yakan ɗora mu a babur, ni da ƙanwata Hadiza, daga Gaya zuwa Toranke wurin kakarmu Iya Tabawa. Mu hutu ke kai mu, shi kuwa da manufarsa. Ya gina mata ɗaki a gidanmu na Gaya, da siminti da rufin kwano har da fanka, yana so ta baro ɗakin ƙasar da marigayi kakanmu ya bar ta a ciki, wanda kowace damina sai ta ɓantari rabonta. Iya ba ta son tashi. Amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa ta ƙi ba, domin Baba ɗan farinta ne. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta tsaya jayayya. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. "Mai babur" kawai take ce masa.

To, wanda kunya ta hana shi musu ai sai ya nemi wata hanya. Hanyar Iya tatsuniya ce.

Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta ɗora kaskon gyaɗa. Baba ya shimfiɗa tabarma a bayan zana wai yana jin rediyo, rediyon da ko sauro ya fi shi ƙara. Sai Iya ta kwance ƙullin tsumma ta fito da wani ɗan dutse, girmansa kamar goro. Ɓari biyu ne a rufe ruf, jikinsu da layi-layi, ɗaya ya fi ɗaya girma har bakinsa ya lanƙwaso a kan ɗan uwansa, da 'yar huda a wurin. Kakanmu ne ya tsinto shi a fatauci can arewa da Agadas, inda Buzaye suka ce masa da can teku ne a wurin.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji Iya da ƙarfi, "har da masu kunne a bayan zana."

"Ta zo mu ji ta!"

Iya ba ta taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da ta sani shi ne kogin Wudil, shi ma ta tagar mota, ido a runtse tana salati. Saboda haka tekunta akwai kuka, akwai kasuwa, har da mai unguwa. A cikinsa aka yi wasu 'yan uwa biyu, Ƙumba da 'Yar-Kafe. Ƙumba mai ƙafar yawo ce. 'Yar-Kafe kuwa igiya ɗaya gare ta, ta nan hudar take fitowa, ta ɗaure ta jikin dutsen da mijinta ya ajiye ta. Ba ta noma, ba ta roƙo. Baki kawai take ɗan buɗewa, ruwa ya kawo mata rabonta. Ana nan sai ga wani kifi mai babur.

"Iya, kifi da babur?" in ji Hadiza.

"Ke kin taɓa zuwa teku? To yi mini shiru."

Kifin ya ce su zo birni, akwai ɗaki mai fanka. Ƙumba ta yi tsalle ta haye. Ƙarshenta a hannun wata mata ta ƙare, ana kankare ƙanzon tukunya da ita. 'Yar-Kafe ta ce, "Igiyata ba ta kwantuwa, sai dai a tsinke. In an tsinke kuwa, gawa za a ɗora a babur."

A nan tari yakan taso daga bayan zana. Wata rana Baba ya kasa haƙuri ya ce, "Sule, tambayi kakarka, in ruwan ya ƙafe fa?"

Iya ta juya dutsen a tafin hannunta. "Angona, gaya wa mai babur ai ruwan ya ƙafe ɗin. Ga ta nan, ko tsaga babu. Ƙurunƙus, wanda ya ji ya ji."

Ni dai a lokacin ɓangaren Baba nake, ba don komai ba sai don in riƙa samun gyaɗa da tatsuniya kullum a Gaya. Amma daren nan na ji tausayinta ya kama ni, ban san dalili ba.

Shekaru suka tafi, na shiga jami'a ina karatun ilimin duwatsu. Wata rana malami ya zube mana tire cike da duwatsu, sai ga 'Yar-Kafe da danginta fal, har na yi dariya ni kaɗai aka juyo ana kallona. Sunanta a littafi birakiyofod. Na zo hutu Toranke kaina a kumbure, na zauna gaban Iya, ta tsufa sosai amma bakin yana nan. Baba yana bayan zana kamar kullum.

"Iya, na ga 'Yar-Kafe a makaranta. Kin yi kuskure, ba 'yar uwar Ƙumba ba ce, ko dangin nesa. Ɓarin Ƙumba dama da hagu ne, girmansu ɗaya. Nata sama da ƙasa ne, kamar kwano da murfinsa."

"Shi ya sa ba su taɓa shiri ba," in ji ta. "Igiyar fa?"

"Akwai. Tsoka ce, da ita take kama dutse tun tana ƙarama, kuma ba ta sake ƙaura. A cikinta akwai wasu hannuwa a nannaɗe masu gashi-gashi, su ke jawo ruwa su tace mata abinci."

Iya ta ɗaga murya. "Maimaita wurin ƙaurar nan, kunnena ya yi nauyi."

Na maimaita. Na ce da can sun cika tekunan duniya, sai aka yi wata babbar mutuwa da ta kwashe yawancinsu, saura kaɗan ne har yau suke raye, galibi a ruwa mai sanyi. Daga bayan zana aka ce, "Sule, maimaita wannan ma."

Da na ga kasuwata ta ci sai na zarce. Na ce gida biyu aka raba su. Akwai waɗanda ɓarinsu ke da 'yan haƙora da suke sarƙewa kamar ƙyauren ƙofa, akwai waɗanda tsoka kaɗai ke riƙe su. Ta Iya 'yar gidan masu haƙora ce. A nan ya kamata in tsaya, amma ɗan boko in ya fara ba ya jin birki.

"Sai dai su 'yan gidan nan, Iya, ba su da, wato, ba su da ƙofar baya."

"Wace ƙofa?"

"Ta bayan gida. In sun ci, ta inda ya shiga ta nan yake fita."

Iya ta saki dutsen a cinyarta kamar garwashi. "A'uzubillahi! Shekara da shekaru ina ɗaure da ita a tsummana!" Sai ta matso ta rage murya. "Angona, wannan karatun kar ka kai wa mai babur."

Ai kuwa zana ta hau girgiza. Baba yana dariya har da buga tabarma. Iya ta daure, ta daure, sai ita ma ta fashe, tana share ido da gefen mayafi. Ranar ce kaɗai na taɓa jin su biyun suna dariya tare, kuma har yau in na tuna sai in ji daɗi da kewa sun haɗe mini. Daga ranar Baba bai sake tayar da maganar Gaya ba. Ya sa aka yi wa ɗakinta sabon yaɓe, ɗakin fanka kuwa ya koma ma'ajiyar gyaɗa. A Toranke Allah ya karɓi ranta, a kan gadonta.

Na daɗe ina ɗauka taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Sai da Baba ya yi ritaya, ya ce zai je ya duba rufin ɗakin Iya ya dawo. Har yau yana duba rufin. Na gina masa ɗaki a gidana na Kano, ga asibiti kusa, ga hawan jininsa da ke hana ni barci. Ni ma ɗan fari ne, don haka ba ya ce mini a'a, sai dai ya tambayi bango lafiyar iyali.

Hutun da ya wuce na kai masa yarana. Bayan isha'i ina zaune a bayan zana ina danna waya, sai na ji ƙamshin gyaɗa, na ji an kwance tsumma. Muryar Baba ta tashi da ƙarfi fiye da yadda yara biyu ke buƙata.

"Ana nan sai ga wani kifi mai mota."

"Kaka, kifi da mota?" in ji 'yata Amina.

"Ke kin taɓa zuwa teku?"

Na lura ya tsallake zancen ƙofar baya. Na buɗe baki zan ce Amina ta tambaye shi in ruwan ya ƙafe fa, sai na tuna na san amsar. Na yi tari kawai.